Ku daina gwajin Ubuntu 25.10 a kan kwamfutar da mutum yake ci da iyalinsa

Jama'a, yau da masu saka wa mutane manhaja a kwamfuta nake, musamman ƙannena na nan Haɗeja da suka ɗanɗana Linux kwanan nan suka ji zaƙinsa. Rubutun yana da tsawo. Wanda zai yi fushi ya daure ya kai ƙarshe tukuna, sannan ya zo kwament mu yi ta.

Kowa ya san abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025. Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, ya daina aiko da gyaran tsaro na kyauta ga kowa da kowa. Ya ce a koma Windows 11, shi kuma Windows 11 yana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sai kuma ƙwaƙwalwarta ta kai zubi na takwas na Intel ko makamancinsa. To ku zaga daga Kasuwar Ƙofa zuwa Matsaro, ku leƙa shagunan buga takardu da na rajista, ku gaya min guda nawa ne suka cika wannan sharaɗi. Yawancin abin da ke hannunmu 'yan gwanjo ne, su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad da aka ɗebo daga Bairut a Kano, Turawa sun gama morarsu kafin su iso mana. Lafiyarsu ƙalau, suna aiki, amma a takarda an yanke musu hukunci.

Wannan dama ce ga Linux wadda ba mu taɓa samun irinta ba, kuma na fi kowa murna da ita. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda wasu suke shirin ɓarar da ita da hannunsu.

Kwana biyar kafin wancan wa'adi, ranar 9 ga Oktoba, kamfanin Canonical ya fitar da Ubuntu 25.10. Yara suka sauke, suka zuba a filash, suka shiga gari. Duk wanda ya ce musu Windows ɗinsa yana nauyi, sai su ce kawo a saka maka sabon Ubuntu, shi ne na ƙarshe da ya fito. Kalmar "shi ne na ƙarshe" ita ce ta cuce mu. A waya muka koyo ta, inda sabo kullum ya fi tsoho daraja, muka kwaso ta muka kawo inda ba gidanta ba.

Ubuntu kala biyu yake fitowa. Akwai mai dogon zango, wanda ake rubuta wa LTS, yana fitowa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kuma ana kula da shi shekara biyar. Akwai kuma na tsakani, duk wata shida, wanda ake kula da shi wata tara kacal. Wata tara! Ubuntu 25.10 irin na biyun ne. Yulin 2026 wa'adinsa ke cika. Wato ka raba mutum da Windows 10 saboda an daina kula da shi, ka ɗora shi a kan abin da za a daina kula da shi kafin shinkafar damina ta nuna. Wannan taimako ne, ko dai ka sauya masa ranar kuka ce kawai?

Kuma su kansu masu shi ba su ɓoye ba cewa na tsakanin nan filin gwaji ne. A wannan fitowar suka sauya tsofaffin ƙananan umarnin da tsarin ke tafiya a kansu shekara da shekaru, suka sa waɗanda aka sake rubutawa da yaren Rust. Ba a yi wata guda ba aka gano kuskure a umarnin da ke duba kwanan wata, wanda ya hana wasu kwamfutoci binciken sabuntawa da kansu. An gyara, ba a daɗe ba. Ai dama don haka ake fitar da shi, don a kama irin waɗannan kafin mai dogon zango ya zo. Mai gwaji ya san abin da ya shiga. Amma Malam mai shagon buga takarda bai sa hannu a kan ya zama ɗan gwaji ba, kai ka sa masa.

Babban sauyin da ke cikin 25.10 kuwa shi ne wanda ake ta faɗa a kansa a intanet, wato batun X11 da Wayland. Bari in ɗan tsaya a nan, saboda na lura da yawa daga masu musun ba su san abin da suke musu a kai ba.

Abin da muke kira Linux a baki ɗaya hawa-hawa ne. Akwai injin can ƙasa wanda ba ka gani. Akwai fuskar da kake gani, inda maɓallai da tagogi da jerin manhajoji suke, kuma ita ba ɗaya ba ce, zaɓi ne: akwai GNOME wadda Ubuntu ke zuwa da ita, akwai KDE Plasma, akwai Xfce, Cinnamon, MATE, LXQt. A tsakanin fuskar nan da allonka kuma akwai wani dillali. Aikinsa shi ne ya karɓi abin da kowace manhaja ke so ta zana ya kai allo, ya karɓi abin da ka danna a kibod ko linzami ya miƙa wa manhajar da ta dace. Tsohon dillalin shi ne X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, zubinsa na sha ɗaya, X11, ya fito a 1987. Da yawa daga masu karanta wannan rubutu iyayensu ba su yi aure ba a lokacin. Sabon kuma Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar kifi ta garin nan ya san dillali iri biyu ne. Akwai mai ɗaga murya, ciniki a bainar jama'a, na kusa da na nesa duk sun ji nawa aka taya nawa aka sallama. Akwai mai jan ka gefe. X11 irin na farko ne. A ƙarƙashinsa, duk manhajar da ke buɗe tana iya sauraron abin da kake bugawa a wata manhajar, tana iya ɗaukar hoton allonka gaba ɗaya ba tare da ta nemi izini ba. A 1987 wannan ba matsala ba ne, 'yan jami'a ne da suka yarda da juna. Yau kuwa, a shagon da mutum hamsin ke zuwa a rana suna buga lambar NIN da BVN da kalmar sirrin imel, wannan ƙofa ce a buɗe. Wayland ya rufe ta. Kowace manhaja tagarta kawai take gani, in tana son fiye da haka sai ta nemi izini ka gani ka yarda.

Saboda haka masu cewa Wayland makirci ne, an kashe Linux, gara a zauna a Windows 7 na sata, ku ma ban bar ku ba. Waɗanda suka shafe shekaru suna kula da X ɗin su ne da yawansu suka koma gina Wayland, ba wasu baƙi ba. Mu da muke zaune a bakin kogi mun san yadda kachalla ke yi wa hanyar ruwa: a yanke bana ta dawo baɗi, har ruwan ya gaji ya nemi wata hanya ya bi ta gonakin mutane. Haka tsohon X ya zama a hannun masu gyaransa, shekara talatin da ɗoriya na faci a kan faci. Kuma maganar ta riga ta wuce musu. Fedora ta mayar da Wayland na farko tun 2016. GNOME 49 da ta fito a Satumba ta zo da zaman X11 a kashe, Ubuntu 25.10 da Fedora 43 duk sun cire shi daga GNOME ɗinsu. A ƙarshen Nuwamba KDE ma ta sanar cewa daga Plasma 6.8 sai Wayland, za su riƙe zaman X11 zuwa farkon 2027 kawai. Tsofaffin manhajoji kuma ba su mutu ba, akwai wata gada mai suna XWayland da suke bi su yi aiki. Kiɗa ya canza, wannan ba a kwament ɗin Facebook za a dawo da shi ba.

To amma kasancewar hanya daidai ce bai sa a tura kowa cikinta yau da tsakar rana ba. Ƙofar nan da Wayland ya rufe, ba ɓarayi kaɗai ke bi ta cikinta ba, akwai masu aikin halal da suka saba bi ta nan, kuma akasarinsu irinmu ne.

Ɗauki malamin kwamfuta mai ɗalibai talatin a ɗaki ɗaya. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Epoptes da makarantun Girka suka daɗe suna amfani da ita, da ke ba shi damar ganin allon kowane yaro daga kujerarsa, ya nuna musu nasa, ya kulle na mai wasa. A kan X11 aka gina ta, da waccan damar ta leƙa allon wani take aiki. Ɗauki mai gyara da ke Kano ko Dutse, wanda ya saba shiga kwamfutar abokin cinikinsa ta intanet ya warware masa matsala ba tare da an biya kuɗin mota ba. Wasu daga cikin manhajojin da aka saba yin haka da su sun daɗe suna turjewa a Wayland, wasu kuma sai wani ya zauna a gaban allon ya danna amincewa. Ɗauki mai tsohuwar kwamfuta mai katin hoto na NVIDIA wanda kamfanin ya daina yi wa sabon direba. Sai a 2024 direbobin NVIDIA suka daidaita sosai da Wayland, kuma tsofaffin katuna ba su ci wannan rabon ba.

Har rubutun Hausa abin ya taɓa. Tsarin kibod na Hausa yana nan a cikin Linux, yana aiki a duka biyun, wannan kam alhamdulillahi. Amma waɗanda suka ɗinka nasu da hannu da xmodmap, suka ajiye ƙ da ɗ da ɓ a inda yatsunsu suka saba, za su tarar ɗinkin ya warware, don wannan kayan aikin na X ne. Abu ne mai gyaruwa cikin minti goma ga wanda ya sani. Ga wanda bai sani ba kuwa, ranar da za a buga takardar ɗaurin aure ce za a ga "ƙ" ta ɓata.

Na ga irin wannan da idona a wani shago da ba zan kama suna ba. An saka wa mai shi sabon Ubuntu a kwamfuta mai ram giga 4 da tsohon faifai mai juyawa. Ba ma Wayland ne ya kayar da shi ba, GNOME ce ta yi wa na'urar nauyi, ya buɗe burauza da takarda biyu komai ya tsaya, layi ya taru a waje. Wanda ya saka masa ya tafi hidimar ƙasa. Kwana uku ya kai ta aka mayar masa da Windows na sata. Yanzu je ka ce masa Linux, ka ji amsar da zai ba ka. Kuma ba shi kaɗai zai riƙe ba, duk layin sun ji, duk majalisar da yake zama da dare ta ji. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Mutum ɗaya da aka ƙona zai hana mutum ashirin gwadawa, kuma zai yi shekara goma yana ba da labarin.

Abin da masu bidiyon YouTube da kuke kwaikwayo ba sa lissafawa shi ne su wutarsu ba ta ɗaukewa. Fayil ɗin saka Ubuntu ya haura giga 5. Bayan wata tara sai ka sake sauke wasu gigogin don ɗaga shi zuwa na gaba, a ƙasar da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sannan ɗaga tsarin gaba ɗaya aiki ne da ba ya son a katse shi. Laftof ɗin gwanjo da batirinta ya mutu tun a Legas, a ɗauke wuta ko mai ya ƙare a janareta ana tsaka da aikin, me kake tsammani za ka tarar in ka kunna? Kai da ka iya za ka shiga baƙin allo ka ɗinke. Shi fa? A wurinmu duk sauyi yana da farashi: data, mai, ranar aiki guda, kuɗin mota zuwa wurin mai gyara. Wanda bai sa wannan a lissafi ba bai san garin da yake ba, ko da a Dubantu aka yanke masa cibiya.

Ba cewa nake a guji sabo ba. Kwamfutarka ce, kai ɗalibi ne, ka saka 25.10, ka saka Fedora 43, ka saka Arch in ka ga dama, ka lalata ka gyara, haka ake koyo. Ni ma ina da wadda nake yi wa haka. Amma kwamfutar da ake biyan kuɗin makarantar yara da ita, a ba ta abin da zai zauna. Linux Mint 22 yana nan, ana kula da shi har 2029, fayil ɗinsa wajen rabin na Ubuntu ne, fuskarsa ta yi kama da Windows ɗin da mutane suka saba, kuma har yanzu a kan X11 yake tafiya, Wayland ɗinsa na gwaji ne ga mai so. In na'urar mai rauni ce a ɗauki na Xfce, wadda ba ta cin ram kamar GNOME. Wanda ya nace sai Ubuntu, ga 24.04 mai dogon zango, shi ma har 2029, kuma a allon shiga yana ba ka zaɓi tsakanin dillalan biyu, in ɗaya ya ƙi ka koma ɗayan. Ga Debian 13 da ta fito a Agustan 2025, ga mai haƙuri, sai dai masu tsofaffin na'urori 'yan bit 32 su sani ta sallame su. Kuma wallahi kuɗin da za a kashe a data ana bin sabon zubi, a tara a sayi faifan SSD ko a ƙara ram, shi ne mai shago zai ji bambanci a jikinsa tun ranar farko.

Wani abu kuma, a riƙa faɗin gaskiya. Wanda abincinsa CorelDRAW ne, masu zanen fosta da kalanda da katin biki, wannan manhaja ba ta da zubin Linux. Kar ka ce masa Inkscape daidai take da ita ka goge masa faifai, alhali duk tsofaffin ayyukansa da na abokan cinikinsa a tsarin Corel suke. Irinsa a nuna masa shirin ƙarin wa'adi na Microsoft, wanda zai kai shi Oktoban 2026, ya samu shekara guda yana shiri. Wanda aikinsa burauza ne da buga wasiƙa da firinta, wannan Linux ya ishe shi har ya yi saura, amma ka gwada firintarsa da sikanarsa daga filash kafin ka taɓa faifansa. Minti goma sha biyar ne. Rashin yinsa ne ke jawo zagi.

Inda nake son ganin zafin kan nan naku shi ne wani wurin daban. Nan da 2029 X11 zai zama sai an nema, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara ukun nan da ɗoriya su ne na shiri. Muna da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin gari, muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure. Shugaban NITDA na ƙasa gaba ɗaya, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan garin nan ne, muna alfahari da hakan a kowane taro. To alfaharin ya zama aiki mana. Me zai hana ɗaliban kwamfuta su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu: a tattaro irin laftof da firinta da sikana da aka fi samu a masarautar nan, daga Malam Madori zuwa Guri, a gwada kowanne da Wayland, a rubuta wanda ya yi da wanda ya ƙi, da Hausa, a saka inda kowane mai gyara zai gani? Wanda ya ƙi, a aika wa masu manhajar rahoto. Ƙofarsu a buɗe take, kyauta ne, Turancin da ake buƙata bai fi na cike fom ba. Mutanen da ke yanke shawarar cire wannan da barin wancan suna duba rahoton da ya iso gabansu ne. In ba su taɓa jin cewa akwai ɗakin karatu mai kwamfuta talatin 'yan shekara goma sha biyu a kan sola ba, ba za su yi mafarkinsa ba. Muna zagin su a Facebook da Hausa, inda ba za su taɓa gani ba, mun bar wurin da za su gani fayau.

Su ma masu riƙe da ɗakunan kwamfuta na makarantu da cibiyoyi, ina da tambaya. Na'urorin da ke hannunku masu Windows 10, mene ne shirinku a kansu? Za a bar su haka ba gyaran tsaro yara suna shiga intanet da su, ko za a rubuta takarda a ce sun tsufa a sayo sababbi, alhali ba abin da ya same su? Ana ta maganar mayar da jarrabawa kan kwamfuta, JAMB ta yi shekara goma a haka, WAEC ta fara. Yaron Kirikasamma ko Birniwa da bai taɓa riƙe linzami ba, tsohuwar Latitude mai Mint ta ishe shi ya koya. Jefar da ita asara ce, saka mata abin da zai mutu a Yuli ma asara ce.

A Afrilun 2026 Ubuntu 26.04 zai fito, mai dogon zango, kuma GNOME ɗinsa ba za ta zo da zaman X11 ba. Na san ranar da ya fito filasai za su sake cika. Ku yi haƙuri ku bar shi ya kai gyaransa na farko, wanda aka saba fitarwa wajen watan Agusta, ku gwada shi a naku tukuna. Wanda kuma ya san ya riga ya saka wa wani 25.10 a shago ko ofis, ya san ƙofar shagon. Ya koma tun yanzu da sanyi, kafin zafin Afrilu ya zo na'urori su fara kashe kansu, ya kwashe wa mutumin fayilolinsa a faifai biyu daban, ya zauna ya yi masa bayani, ya mayar da shi kan mai dogon zango. Kuma kar ya karɓi ko sisi a wannan aikin.